Hancin Ɗaki

Ɗigon farko a goshin Kaka ya sauka. Tana kwance da sassafe, ta ja bargo har haɓa, sai ta ji wani abu mai sanyi ya ɗiso mata a tsakanin gira.

"Auta!" ta ƙwala kira. "Zo ki ga ɗakin ubanki yana yi min tofi."

Auta ta shigo da tsintsiya a hannu. Ita ce ƙaramar 'yar gidan, shekararta goma sha tara, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu ita ke kula da Kaka. Ba ta da yawan magana. In baƙo ya yi sallama, sai dai ya ga labule yana motsi. Ta ɗaga kai ta dubi silin, ta ga wani tabo mai ruwan ƙasa, faɗinsa kamar faranti, da ɗigo na biyu yana taruwa a tsakiyarsa. Ta janye gadon, ta ajiye roba a wurin.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, wata uku ke nan rabon da a ga ko yayyafi. Lokacin sanyi ne, sama tas take, ko gajimare babu.

Ɗakin kuwa ba kowane ɗaki ba ne. Baba ne ya gina shi bara da hannunsa, domin mahaifiyarsa. Shekara talatin da biyar yana gini, ya gina wa mutane gidaje da shaguna ba adadi, amma wannan ne ya ce ba zai bari wani ya ɗora ko bulo ɗaya ba. Shi ya tankaɗe yashin, shi ya kwaɓa simintin, kullum safe da yamma yana yayyafa wa bangon ruwa har ya kama. Rufin kwanon kaɗai ya bar wa amininsa, wanda yaran gidan ke kira Kawu Kafinta. Ranar da aka gama, Baba ya shafa bangon da tafin hannu, ya ce, "Inna, wannan ko jikan jikanki zai kwana a ciki."

Yanzu ga shi ɗakin yana ɗiga kullum safe. In rana ta ɗaga sai ya daina, kamar mai jin kunya. Tabo ɗaya ya zama uku. Fentin saman bango ya fara kumbura yana ɓarewa. Tufafin Kaka suka soma warin danshi.

Baba ya hau rufin sau huɗu. Ya bi kan ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya sa Auta ta riƙa miƙa masa bokitin ruwa yana kwararawa a kan kwanon, ya sauko ya duba, ko ɗigo bai wuce ba. Daga nan ya aika aka kira Kawu Kafinta.

"Rufina ba ya yoyo," in ji Kawu tun bai gama zama ba. "Ka zuba masa ruwa da kanka. Me kuma kake so, in kawo maka kogi?"

"To daga ina ruwan yake fitowa? Daga aljihuna?"

"Ka tambayi bangonka. Ni katako da kwano na sani. In ruwa bai zo ta sama ba, ai ta ƙasa ya zo."

Da wasa Kawu ya faɗa, don sun saba tsokanar juna tun suna samari. Amma Auta, da ke tsugune tana zuba musu shayi, ta ga fuskar Baba ta canza. Ya tashi ya shiga ɗakin, ya daɗe yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya fito a hankali.

"Harsashin ne," ya ce. "Ko ban shimfiɗa ledar tare danshi daidai ba, ko na bar wani wuri a buɗe ban gani ba. Bangon yana shan ruwa daga ƙasa yana kaiwa sama."

"Haba, ni fa zolayarka nake yi."

"Ni ba wasa nake ba. Ranar Asabar ka zo da guduma. Ka kwashe kwanonka, ni kuma in rushe bangona. Ba zan bar uwata ta kwana a cikin kuskurena ba."

Da yammacin ranar, Auta ta gan shi yana wanke cokalin gininsa. Tsohon cokali ne, bakinsa ya cinye har ya zama kamar ganye, ƙotarsa ta yi santsi da gumin hannu. Ya goge shi, ya naɗe a tsohuwar riga, ya ɗora a kan kabad. Bai san tana bakin ƙofa ba, ya yi magana shi kaɗai.

"Mutumin da ya kasa gina wa uwarsa ɗaki ɗaya, wa zai gina wa kuma?"

Ta daɗe da lura cewa in zai karanta lambar tef ɗin awo sai ya nesanta shi da fuskarsa yana ƙanƙance ido. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu ta gane abin da ke cinsa: yana ganin idonsa ne ya ci amanarsa, hannunsa kuma ya bi. Washegari wani ya zo neman sa aikin katanga, Baba ya ce a nemi wani.

Ranar Laraba da hantsi Yaya ta dawo hutu. Ita ce babbar 'yar Baba, tana shekarar farko a jami'a, tana koyon zanen gine-gine. Ta shigo da jaka a baya da doguwar takarda a naɗe a hammata, tana magana tun daga zaure.

"Ga Injiniya ta iso," in ji Kaka daga kan tabarma. "Zo ki zana mana laima, mu riƙa shiga ɗaki da ita."

"Kaka, sau nawa zan ce miki ni ba injiniya ba ce?"

"To me ce ce ke? Duk mai riƙe fensiri yana ba magina umarni ai injiniya ne. Ke dai ba ki taɓa ɗaga bulo ba."

"Ke ma ai ba ki taɓa ba, kuma kin fi kowa ba da umarni a gidan nan."

Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Auta ta taso da sauri ta shafa mata baya. Tarin nan tun shigowar sanyi ya kama ta, shi ya sa safe da yamma Auta ke tafasa ruwa a babbar tukunya, ta kai ɗaki, ta rufe ƙofa da taga ruf, Kaka ta zauna tana shaƙar tururin. Ko an gama ba a fitar da tukunyar, Kaka ta ce ɗumin yana mata daɗi. Zannuwanta ma a ciki Auta ke shanya su, a igiyar da ta ɗaura daga taga zuwa ƙusar ƙofa, don Kaka ba ta son tufafi masu sanyi.

Da Yaya ta ji zancen rushe ɗaki, sai ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta buɗe jaka ta ciro wata 'yar na'ura kamar agogon tebur, ta ce a makaranta aka ba su aro, kowa ya je ya auna danshin iskar wani ɗaki ya rubuto abin da ya gani. Darasin da suke yi ke nan, yadda zafi da iska da ruwa ke yawo a cikin gini, da yadda kowane kayan gini ke karɓarsu.

"Kin ga, ɗakin Kaka ya zama aikina na makaranta," ta ce. "Auta, zo ki riƙe min."

A tsakar gida lambar da ke fuskar na'urar ƙarama ce. Suna shiga ɗakin ta fara hawa, tana hawa, har Yaya ta yi fito. Ta tsuguna ta taɓa gindin bango, ta kanga kuncinta a jiki, ta bi shi da hannu har iya tsayinta. Sannan ta fito wurin Baba, wanda ke zaune a kan benci a inuwa kamar ba shi aka zo taimaka wa ba.

"Baba, in daga ƙasa ruwan yake tasowa, gindin bango ne zai fara jiƙewa. Gindin a bushe yake ƙayau. Sama ne ya jiƙe."

"Na gani. Ban san ta inda yake bi ba, shi ya sa zan fasa in gani."

Yaya ta gyara tsayuwa ta fara bayani irin na aji. Ta ce iska mai ɗumi tana ɗaukar ruwa fiye da mai sanyi. Ta ce akwai wani mataki na sanyi da in iska ta kai shi dole ta sauke abin da ta ɗauko. Ta ce kwano ba ya riƙe zafi, yana saurin ɗauka yana saurin saki, ba kamar bulo ba. Tana yi tana haɗawa da kalmomin littafi, tana zana kibiyoyi a ƙasa da tsinke. Baba yana kallon kibiyoyin, Kaka tana kallon Baba.

"Ni dai na ji iska, na ji ruwa," in ji Kaka. "Sauran kuma Allah ya ba da lada."

Auta tana tsaye a gefe da na'urar a hannu. Ba ta yi niyyar magana ba, maganar ce ta kuɓuce mata a hankali.

"Kamar murfin tukunya."

Duk suka juyo. Ta sunkuyar da kai, ta so ƙasa ta buɗe.

"Me kika ce?" in ji Yaya.

"Ba komai."

"Faɗi mana."

"Na ce... in ruwa yana tafasa, murfin ba ya yoyo. Amma in an ɗaga shi, cikinsa duk ruwa ne. Daga cikin tukunyar yake tasowa."

Yaya ta yar da tsinken. "Shi ke nan! Wata uku malaminmu yana faɗar wannan, ke kin gama da numfashi ɗaya. Baba, ɗakin ne tukunyar, kwanon ne murfin. Tururin ruwan zafin Kaka, da zannuwan da ake shanyawa, da numfashinta ma, duk sama suke yi, su ratsa ta gaɓoɓin silin. Kafin gari ya waye kwano ya yi sanyi ƙarara, sai su koma ruwa su ɗigo."

Baba ya ɗan ɗago. Amma sai ya girgiza kai.

"Wannan na san shi tun ba a haife ki ba. Ba da sunan littafi ba, amma na san shi. Shi ya sa ba na rufe gini ban bar masa hanyar numfashi ba."

"To ka bar kafofin iska tsakanin silin da kwano?"

Baba ya dube ta kamar ta tambaye shi ko ya san siminti. "Takwas. Huɗu ta lungu, huɗu ta bayan tankin ruwa. Hancin ɗaki ke nan. Wanda ya koya min gini ya ce ɗakin da ba shi da hanci gawa ne. Su na fara dubawa, suna nan a buɗe. Je ki ƙirga."

Yaya ta je ta leƙa lungun, ta ɗaga kai, ta dawo jikinta a sanyaye. "Suna nan," ta ce. "To ban gane ba. Bari in sake duba littafina."

Babu wanda ya lura Auta ta ajiye na'urar a kan benci ta shige kicin.

Ta zauna a kan turmi. Hancin ɗaki. Ita duk zamanta ta ɗauka ado ne, irin ƙananan ramukan da magina ke bari don gini ya yi kyau. Farkon sanyi ne ƙadangaru suka gano ramukan, suka riƙa shiga suna tsere a kan silin, girr, girr, daidai lokacin da Kaka ke barcin rana. Kaka ta yi mita har ta gaji. Baba yana wani aiki mai nisa, kuma Auta ba ta so ta dame shi da zancen ƙadangare. Wata rana da azahar ta jingina tsani, ta yayyaga tsohon siket ɗinta, ta cusa tsumman a kowane rami, ta tura su ciki sosai da sanda. Baƙin siket ta zaɓa da gangan, don kada tsumma ya leƙo ya ɓata wa Baba kyan bangonsa. Daga ƙasa, in ka ɗaga kai, duhun rami kawai za ka gani. Har ta ji daɗin dabararta a lokacin.

Dabara ta farko da ta zo mata yanzu ita ce ta jira kowa ya shiga ɗaki, ta hau ta zare tsumman, ta binne su a shara. Ɗakin zai bushe, ba wanda zai sani. Har ta miƙe. Sai ta tuna Asabar saura kwana uku. Ko ɗigon ya tsaya, Baba zai ce bangon ne ya huta, zai sake jiƙewa. Zai ɗauki guduma duk da haka. In ma bai rushe ba, zai ci gaba da zama a kan bencin nan yana zargin idonsa, cokalin yana kan kabad. Zare tsumma zai gyara ɗaki, amma Baba sai ya ji da kunnensa.

Ta sha ruwa. Ta gyara ɗankwali sau biyu. Ta fito ta tsaya a gaban bencin, ta durƙusa.

"Baba."

"Na'am, Auta."

Ta shiga murza bakin zaninta. Ya jira. Ya san halinta, bai taɓa gaggauta ta ba.

"Ni ce na toshe masa hanci."

"Wa?"

"Ɗakin. Da tsumma. Saboda ƙadangaru. Ban san numfashi yake yi ta nan ba." Hawaye suka zubo mata. "Baƙi na sa don kada ya ɓata bangon."

Baba ya dubi wajen ɗakin. Ya tashi, ya ɗauki tsani da kansa, ya shiga lungun. Yaya ta riƙe masa ƙafar tsanin. Ya hau, ya zura hannu a ramin farko har gwiwar hannu, ya jawo. Wani dunƙulen baƙin tsumma ya fito a jiƙe sharkaf, ya matse shi, ruwa ya tsiyaya a ƙasa. Ya kara tafin hannunsa a bakin ramin, ya ji iska mai ɗumi da warin danshi tana fitowa.

Auta ta rufe ido tana jiran faɗa. Sai ta ji wani sauti da ta kwana biyu ba ta ji ba. Baba dariya yake yi. Ya dafa bango yana dariya har tsanin yana girgiza, Yaya tana cewa, "Baba, ka sauko tukuna, za ka faɗo mana!"

"Siket!" ya ce, yana share ido da bayan hannu. "Shekara talatin da biyar ina gini, siket ya kusa sa ni ritaya!"

Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya har takwas, yana jefo tsumman ƙasa. Da ya sauko, ya tsaya a gaban Auta, wadda har yanzu ba ta ɗago ba.

"Tashi, uwata. Tashi mana. Ke kin yi abin da kika ga zai ba kakarki barci. Ni ne na gina abu a gidana ban taɓa gaya wa 'ya'yana amfaninsa ba. Kuma aikin naki ya yi kyau, ni kaina ya ruɗe ni. Na tsaya a lungun nan sau uku ina ƙirga rami."

"Ni dai na yi barcina lafiya," in ji Kaka. "Kada wanda ya taɓa min ƙawata. In laifi ne, na ƙadangaru ne, a je a kama su."

Auta ta miƙe. Ta yi dariya tana kuka, ta kwashe tsumman ta rasa inda za ta kai su.

Amma Baba magini ne, ba ya yarda da gini sai ya gwada. Ya ce zancen Asabar yana nan har sai ɗakin ya nuna da kansa. Yaya ta tsara yadda za a yi. A ci gaba da kai wa Kaka ruwan zafinta, amma da ta gama a fitar da tukunyar, a buɗe taga na ɗan lokaci. Zannuwa a shanya su a rana, in ya so a ɗumama su da dutsen guga kafin ta ɗaura.

"Wato yanzu har da guga za a yi min," in ji Kaka. "Da na san haka ne, da tun bara na sa an toshe."

Ranar Alhamis da safe Auta ta riga kowa shiga ɗakin. Ɗigo biyu ta tarar a robar. Ta kira Yaya ta nuna mata, sai Yaya ta ce silin ya sha ruwa wata da watanni, sai a ba shi lokaci ya amayar. Ta nuna mata lambar na'urar, ta sauka sosai. Ta koya mata karantawa, ta ba ta fensiri ta ce ta riƙa rubutawa safe da yamma. Auta ta rubuta lambobin a hankali, manya-manya, kamar yadda aka koya mata a firamare.

Ranar Juma'a ɗan laima ne kawai a gindin robar, wanda bai isa ya jiƙa yatsa ba. Warin danshin ya ragu. Baba ya shiga ya duba ya fito, sai Auta ta ji shi yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi yana wanke fuska.

Ranar Asabar Kawu Kafinta ya yi sallama da guduma a kafaɗa, fuskarsa ba walwala, don shi ma kwanakin nan bai ji daɗin maganar da ya yi ba. Baba ya tare shi a tsakar gida, ya miƙa masa robar. Kawu ya juya ta, ya leƙa, ya shafa cikinta. A bushe take, har da ɗan gizo-gizo a gefe.

"Me ke nan?"

"Mura ɗakin ya yi," in ji Baba. "Hancinsa ne ya toshe. Likitoci biyu na samu a gida, sun warkar da shi."

Da aka ba shi labari, Kawu ya zauna a kan benci ya riƙe ciki. "To ka gani! Na ce maka rufina ba ya yoyo."

"Ka kuma ce bangona ne."

"Ni? Yaushe? Auta, kina nan, na faɗi haka?"

Auta ta ɓoye fuska a bayan Yaya. "Ka faɗa, Kawu," ta ce a hankali.

"Ji min yarinya! Shekara nawa ba ta magana, yau ta buɗe baki a kaina."

Aka sha shayi a inuwa, aka daɗe ana maimaita labarin, kowa yana ƙara masa gishiri. Yaya ta zauna a gefe tana rubuta rahotonta na makaranta a kan gwiwa. Auta ta leƙa, ta ga zanen ɗakin Kaka an yanka shi gida biyu, ga silin, ga kwano, ga ƙananan ramuka da kibiyoyi suna fita. A gefensa kuma Yaya ta zana tukunya da murfinta.

"Wannan ma za ki kai wa malamin?"

"Shi zan fara nuna masa. Zan ce ƙanwata ce ta koya min." Ta juya wurin Baba. "Kai kuma ranar Litinin za mu je a gwada maka tabarau. Na ga yadda kake riƙe tef."

Baba ya buɗe baki zai musa, sai ya ga Auta ma tana kallonsa. "Ashe duk kun sani," ya ce. "To, a je."

"Ni fa ƙadangaruna?" in ji Kaka. "Jiya da rana sun dawo, har da baƙinsu. In ba a yi wani abu ba, ni da kaina zan hau tsanin da zanina."

Kawu ya ce yana da ragowar ragar waya mai ƙananan ido a shagonsa, iska za ta wuce, ƙadangare ba zai wuce ba. Ya tafi ya ɗauko, ya yanka ta gida takwas da almakashin kwano. Sai dai ragar ba ta zama a jikin bulo sai an kama gefenta da siminti. Baba ya ɗebo yashi a kwano, ya zuba siminti, ya yayyafa ruwa. Ya duba damansa, ya duba hagunsa, kamar mai neman wani abu da ya saba gani a kusa.

Auta ba ta jira ya faɗa ba. Ta shiga ɗakinsa, ta taka kujera, ta sauko da ƙunshin daga kan kabad. Ta warware rigar, ta miƙa masa cokalin da hannu biyu.

Ya karɓa, ya gwada nauyinsa a hannu, ya juya kwaɓin sau biyu. Sannan ya nuna mata tsanin da haɓa.

"Hau ki riƙe min ragar. Ai kin fi kowa sanin hanyar ramukan nan. In mun gama kuma ki zo in nuna miki sauran abubuwan da ba ado ba ne a gidan nan, kafin ki ƙarar mana da siket."

Ta hau. Daga saman tsanin ta kara kuncinta kusa da ramin farko, ta ji iska tana shiga tana fita a hankali. A cikin ɗakin, Kaka ta riga ta sa Yaya ta mayar mata da gadonta inda yake tun farko.